Yadda ake gano turjiyar da lodi ke gani a cikin sakit

Kowane sakit na lantarki, komai yawan wayoyinsa da resistocinsa (resista ita ce 'yar na'urar da ke rage wa wuta gudu), yana da wurin da ake ɗora masa kaya: bakuna biyu inda ake maƙala ƙwan fitila, ko fanka, ko inbata, ko lasifika. Abin da aka maƙala ɗin shi ne lodi. Shi kuwa lodi babu ruwansa da yadda aka tsara abin da ke bayansa. Bolt nawa ake ba shi, kuma yaya bolt ɗin ke zubewa idan ya fara jan wuta, iyakar abin da ya dame shi ke nan. Wannan zubewar tana zuwa ne daga wata turjiya da ke ɓoye a bayan bakunan biyu, kuma ita za mu nemo.

Wani injiniyan tangaraho ɗan Faransa, Léon Charles Thévenin, shi ya wallafa a 1883 cewa duk sakit ɗin da aka haɗa da batura da resistoci ana iya maye gurbinsa da batir ɗaya da resista ɗaya a jere, lodi kuma ba zai ga bambanci ba. Hermann von Helmholtz na Jamus ya riga shi faɗa tun 1853, amma sunan Thévenin ne ya bi dokar. A 1926 Edward Norton a Amurka da Hans Mayer a Jamus, kowa a nasa ɓangaren, suka kawo irin wannan sauƙaƙawar da tushen amfiya, wato wanda ke tura ƙayyadadden adadin wuta, maimakon batir. Resistar da ke cikin duka biyun iri ɗaya ce, don haka in ka same ta sau ɗaya ka gama da su duka. A littattafai ana rubuta ta Rth.

Ɗalibin injiniyan lantarki a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, duka a Bauchi, zai gamu da ita a takardar jarrabawa. Yaron shagon sola a wajen Wunti kuwa kullum yana gamuwa da ita ko da bai san sunanta ba, duk ranar da aka kira shi aka ce batir a cike yake amma inbata na ta kuka. Za mu fara da takarda, mu ƙare da mita, wato na'urar auna lantarki.

A takarda

Ga sakit ɗin da za mu yi aiki da shi, kuma gara ka zana shi kana karantawa. Batir ne mai bolt 12. Daga kansa mai alamar + waya ta bi ta resista mai om 4 (om shi ne ma'aunin turjiya) ta isa wata mahaɗa, mu kira ta C. Daga C resista mai om 12 ta sauka zuwa kan batir mai alamar −. Daga C ɗin dai wata resista mai om 2 ta miƙe zuwa bakin A. Bakin B yana haɗe da kan batir mai alamar −. Lodi yana tsakanin A da B.

Abu na farko, ka cire lodin. Ka goge shi daga zanen ɗungurungum, ka bar A da B a buɗe, ka rubuta haruffansu da girma. Turjiyar lodi ba ta cikin lissafin. Mutane da yawa sukan bar ta a ciki, su yi ta lissafi mai kyau, amsa ta fito ba daidai ba.

Na biyu, ka kashe duk tushen wuta mai cin gashin kansa, wato wanda ƙarfinsa bai dogara da wani abu a cikin sakit ɗin ba. Kashewar iri biyu ce, kuma nan ake yawan musanyawa. Tushen bolt, wato irin batir, ana cire shi a sa waya miƙaƙƙiya a gurbinsa. Dalili kuwa, batirin da aka mayar da bolt ɗinsa sifili babu bambanci tsakanin kawunansa biyu, abin da waya ke yi ke nan. Tushen amfiya kuma ana cire shi a bar gurbinsa a yanke, domin amfiya sifili na nufin babu abin da ke wucewa ta nan. Wanda ya riƙe dalilin ba ya bukatar hadda. In an ba batirin turjiyar cikinsa a cikin tambaya, ita ba a kashe ta, tana nan a inda take.

Na uku, ka sake zana sakit ɗin daga farko a sabon wuri. A nan nake son ka daɗe, domin a ganina kusan duk kuskuren wannan aiki a nan yake faruwa. Ido yakan saba da tsohon zanen, sai ya ci gaba da ganin abin da ya riga ya canza. Tunda mun mayar da batir waya, kansa na + da na − sun zama mahaɗa ɗaya, kuma mahaɗar nan ita ce B. Saboda haka resista mai om 4 yanzu tana tsakanin C da B. Mai om 12 ita ma tana tsakanin C da B. Kawunansu biyu sun haɗu a wuri ɗaya ta kowane gefe, wannan shi ne haɗin faralel.

Ka lura da abin da ya faru. In daga wajen batir ka tsaya ka duba bayan an cire lodi, om 4 da om 12 a siris suke, wutar da ta bi ɗaya ita ke bin ɗayar, jimla om 16. Amma daga bakin lodi a faralel suke. Sakit ɗaya ne, wurin tsayuwa ne ya bambanta, kamar yadda mai tsaye a zaure da mai tsaye a tsakar gida ba ɗakuna iri ɗaya suke fara gani ba. Mu a zauren lodi muke tsaye.

Ƙa'idar da ba ta ruɗi ita ce ta mahaɗai. Ka ba kowace mahaɗa harafi, duk wuraren da waya zalla ta haɗa kuma harafinsu ɗaya ne, komai nisansu a zane. Resistoci biyu suna faralel ne kawai in haruffan kawunansu biyu sun zo ɗaya. Suna siris ne kawai in babu wani abu na uku da ya rataya a mahaɗar da ke tsakaninsu. Ko an zana su a tsaye, ko a kwance, ko a karkace, wannan ba hujja ba ce.

Na huɗu, ka fara naɗewa daga can nesa da bakunan kana matsowa. Na faralel guda biyu, ka ninka su ka raba da jimlarsu: 4 sau 12 ya ba da 48, a raba da 16, om 3. Wannan om 3 tana tsakanin C da B. Daga A dole a bi ta om 2 kafin a isa C, babu wata hanya, don haka siris ce: 2 da 3, om 5. Rth ɗinmu om 5 ce.

Akwai gwaji mai sauri da ya kamata ya zama maka ɗabi'a: amsar faralel dole ta gaza ƙaramar cikinsu. Uku ta gaza huɗu, lafiya. Da ka samu 6 ko 8, ka san akwai matsala tun kafin ka ci gaba.

Masu shirya jarrabawa suna son dasa resistocin da ba su da wani tasiri don su ga wa zai faɗa. A ce an ƙara resista mai om 100 kai tsaye a kan kawunan batirin nan. Da zarar batir ya zama waya, kawunanta biyu sun koma harafi ɗaya, ta fita daga lissafi. Ko kuma a ce an kawo tushen amfiya 2 yana zuba wuta a C, da resista mai om 7 a jere da shi. Da ka yanke tushen, om 7 ta zama reshe mai lilo wanda bai kai ko'ina ba, ita ma ta fita. Rth tana nan om 5 a duka biyun. Bolt ɗin da ke bakunan ne kawai tushen amfiyar zai ɗaga.

Ga wanda ya fi wannan ruɗa ido, wato gadar Wheatstone. Batir yana tsakanin mahaɗar sama da ta ƙasa. A hagu om 6 ta sauko daga sama zuwa A, om 3 ta ci gaba daga A zuwa ƙasa. A dama om 4 daga sama zuwa B, wata om 4 daga B zuwa ƙasa. Lodi a tsakiya, tsakanin A da B. A zane kamar ba za ta warwaru ba. Amma ka kashe batir, sama da ƙasa su zama harafi ɗaya, mu ce D. Om 6 da om 3 duka suna tsakanin A da D, faralel, om 2. Om 4 biyun suna tsakanin B da D, om 2. Daga A zuwa D zuwa B, jimla om 4. Shi ke nan.

Wani lokaci bayan an sa haruffa sai a tarar babu siris babu faralel, resistoci uku sun yi kusurwa uku. Sai a juya su zuwa siffar tauraro, dabarar da Arthur Kennelly ya wallafa a 1899: kowane reshen tauraro shi ne ninkin resistoci biyun da suka taɓa wannan kusurwa, a raba da jimlar ukun. In duka ukun om 9 ne, kowane reshe om 3 zai zama.

Idan akwai tushen da ya dogara da wani

A sakit ɗin taransista da amfilifaya akwai tushen da ƙarfinsa ke bin wani bolt ko wata amfiya da ke cikin sakit ɗin. Ana zana shi da siffar lu'ulu'u. Wannan ba a kashe shi. Abin da ake yi, a kashe masu cin gashin kansu kamar da, a bar shi, sannan a tura amfiya 1 ta gwaji ta bakin A, a lissafa bolt ɗin da ya bayyana tsakanin A da B. Yawan bolt ɗin shi ne yawan om ɗin, tunda da 1 za a raba.

A ce daga A akwai om 2 zuwa C, daga C akwai om 8 zuwa B, a gefen om 8 ɗin kuma akwai tushen da ke kwashe rabin duk amfiyar da ta bi ta om 2 yana kai ta B. Mun tura amfiya 1. Ta bi ta om 2, bolt 2 ke nan. A C tushen ya kwashe 0.5, saura 0.5 ta bi ta om 8, bolt 4. Jimla bolt 6, Rth om 6. Wanda ya yanke tushen zai ce om 10, ya yi nisa da gaskiya.

Me za ka yi da amsar

Mu koma sakit na farko. Bolt ɗin da ke tsakanin A da B ba lodi shi ne na kan om 12, domin babu wutar da ke bin om 2: 12 sau 12 a raba da 16, bolt 9. Duk sakit ɗin ya koma batir mai bolt 9 da resista mai om 5. Ka sa lodi mai om 10, amfiya 0.6 za ta bi, lodi ya samu bolt 6. Ka sa mai om 4, amfiya 1, bolt 4. Ko lodi goma aka ba ka, lissafin layi ɗaya ne kowanne.

Lodi yana samun wat mafi yawa ne idan turjiyarsa ta yi daidai da Rth. A nan om 5 za ta sha wat 4.05, alhali om 10 na shan 3.6, om 4 na shan 4. Amma kada wannan ya ruɗe ka ka kai shi wajen haɗa wutar gida. A wannan matsayi rabin ƙarfin a bayan bakunan yake ƙonewa ya zama zafi. Ga eriya da rediyo daidaitawar tana da amfani. Ga batir da inbata kuwa, so ake Rth ta yi ƙasa iyakar iyawa.

Da mita a hannu

In sakit ɗin ƙarami ne a kan allon gwaji, za ka iya yin abin da ka yi a takarda da hannunka. Ka cire lodi. Ka zare batirin gaba ɗaya, sannan ka haɗa wuraren da ya bari da guntuwar waya. Ka ji da kyau: gurbin batir ake haɗawa bayan an cire shi, ba kawunan batirin ba. In akwai kafasita ka sauke cajinta tukuna. Sai ka juya mita zuwa om ka ɗora a A da B. Kafin nan ka haɗa tsinken ja da baƙi ka ga abin da mitar ke nunawa, sau da yawa 0.2 zuwa 0.5, ka cire shi daga amsarka. Kada kuma ka danne ƙarfen tsinkayen da yatsunka in turjiyar babba ce, jikinka zai shiga faralel da ita. Mita a kan om ba a ɗora ta a sakit mai wuta, ko ta yi maka ƙarya ko ta ƙone.

In ba za a iya kashe tushen ba, akwai hanyoyi uku. Ta farko, a auna bolt a buɗe, a auna amfiya in an haɗe A da B, a raba. A misalinmu bolt 9 a raba da amfiya 1.8, om 5. Ta biyu, a sa resista mai murɗawa a matsayin lodi a yi ta murɗawa har bolt ya koma rabi, a cire ta a auna, abin da ta nuna shi ne Rth. Waɗannan biyun na ƙananan sakit ne masu raunin wuta. Batirin mota ko na sola mai turjiyar om 0.02, in ka haɗe kawunansa, lissafi ya nuna amfiya sama da 600. Fis ɗin mita na amfiya 10 ne. Waya za ta yi ja, batir na iya fashewa.

Faifan sola ma kada ka yi masa wannan rabawar, duk da an rubuta bolt na buɗe da amfiyar shot, wato ta lokacin da aka haɗe kawunansa, a bayansa. Dokar Thévenin tana aiki ne inda bolt ke sauka daidai gwargwadon amfiyar da aka ja. Faifai ba haka yake ba: yakan riƙe amfiyarsa kusan wuri ɗaya har zuwa wani bolt, sannan ta faɗi tashi ɗaya. Lambar da za ka samu ba za ta gaya maka komai ba.

Hanya ta uku ita ce ta aikin yau da kullum, awo biyu: ɗaya ba lodi, ɗaya da lodin da bai fi ƙarfin sakit ba. Bambancin bolt ɗin a raba da amfiyar da lodin ya ja.

A ce mai shagon cajin waya ne a Yalwa ya kira ka. Batirinsa na ƙarƙashin benci a can ƙurya, inbata na kusa da ƙofa, da an kunna kaya sai ta yi ƙara ta ɗauke. Ka zare wayoyin biyu daga bayan inbata, nan ne A da B ɗinka, domin inbata ce lodi. Ka auna: bolt 12.6. Mai shago zai ce ka gani, batir lafiya lau. Sai ka ɗauko ƙwan fitilar mota mai wat 55, wanda ke jan kusan amfiya 4.5, ka maƙala a bakin wayoyin, ka auna amfiyar da kanka kada ka dogara da rubutun jikin ƙwan. Yana ci ka sake auna bolt a wurin: 11.7. Bambanci 0.9, a raba da 4.5, om 0.2.

Om 0.2 kamar ba komai ba ce, sai ka ninka. A amfiya 10 bolt 2 sun tafi, saura 10.6, inbatoci masu bolt 12 da yawa kuwa a wajen 10.5 suke ɗaukewa. Kayan wat 300 suna bukatar kusan amfiya 30, wato zubewar bolt 6, abin da ba zai yiwu ba. Iyakar abin da wannan haɗin zai iya bayarwa, ko an matse shi, bai kai wat 200 ba.

Saura a gano inda turjiyar ta maƙale. Ka bar ƙwan yana ci, ka koma ka ɗora tsinkayen a kan dalmar kawunan batirin kanta, ba a kan maƙalin ba. A ce ka ga 12.5. Batirin 0.1 kawai ya zubar, wato kusan om 0.02, lafiyarsa ƙalau. Sauran om 0.18 a hanya take. Tagulla mai kaurin milimita murabba'i 1 tana da kusan om 0.0172 a kowace mita. In wayar mai 1.5 ce, irin ta fitilun ɗaki, kuma nisan mita 6 ne, to zuwa da dawowa mita 12 ke nan, om 0.14. Mutane sukan manta da dawowar. A zafin Maris da Afrilu na Bauchi abin yana ƙaruwa, domin turjiyar tagulla na hawa kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri. In kuma wayar irin mai arahar nan ce, alminiyom da aka shafa wa tagulla, ta fi haka, araha dai ba ta ado. Ragowar om 0.04 za ka same ta a maƙalan da suka yi farin gari ko suka saki. Ka sa tsinke ɗaya a kan dalma ɗaya a kan maƙali, duk bolt ɗin da ka gani a nan asara ce, kuma in ka taɓa wurin bayan ɗan lokaci za ka ji ɗumi.

Ka matso da inbata kusa da batir, mita ɗaya da rabi, ka sa waya mai 16, turjiyarta ta koma kusan om 0.003. Ka kankare kawunan batir da maƙalan har su yi haske, ka ɗaure tamau, ka sa fis a wayar + kusa da batir. Sannan ka maimaita awo biyun a bakin inbata. Ya kamata ka samu wajen om 0.03, wanda a amfiya 30 zai zubar da bolt 0.9 kawai, inbata ta samu 11.7. Da turjiya ƙarama haka, ƙwai ɗaya ba zai motsa mitar sosai ba, sai ka haɗa biyu ko uku a faralel don bambancin ya fito fili. In kuwa tun a kan dalmar batirin ka ga bolt ya zube da rabin bolt ko fiye a ƙarƙashin ƙwai ɗaya, alhali an yi masa cikakken caji, to turjiyar a cikin batirin take, canza waya ba zai yi magani ba, sai a gaya wa mai shago ya fara tanadin kuɗin sabo.